Sunayen da Ba a Rubutawa

Litinin, 3 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Likita ta ce in sami littafi in riƙa rubuta abin da na gani, da rana da lokaci. To ga littafi, ga rana, ga lokaci. Abin da na gani yau shi ne mijina Lemuel ya cinye faten masararsa tas, sannan ya ce gishiri ya yi yawa. Shekara arba'in da tara yana faɗar haka. Ni da na shekara talatin ina ciyar da ɗalibai dubu biyu a ɗakin cin abincin Jami'ar Tolliver, wai shi zai koya mini gishiri.

Saura kwana ashirin da biyar Ranar Kafuwa, bikin tunawa da kafa jami'a. Ya fara bitar sunayen kamar kowace shekara, yana zagaya teburin kicin hannu a baya. Su ashirin da uku ne, mutanen da suka fara zama a rumbun auduga a kan Tudun nan da jami'a take, a 1869, shekara huɗu da fitowarsu daga bauta, suka ce a koya musu karatu. Lemuel ne Mai Kira. Shi yake tsayawa a majami'ar jami'a ya kira su ɗaya bayan ɗaya, da ka, jama'a suna amsawa, "Yana nan," "Tana nan." Bana shekararsa talatin da biyu yana yi.

Yau ya kira su duka, ko tuntuɓe bai yi ba. Wannan ma na rubuta, don likita ta gani.

Laraba, 5 ga Oktoba, ƙarfe uku na yamma

Laraba ranar soyayyar kaza ce, don haka muka hau Tudu cin abinci. Layi har waje. Yaran yanzu ba su taɓa ci daga hannuna ba ko sau ɗaya, amma duk suna ce mini Mama Earline, suna buɗa mana hanya. Kazar dai ba laifi. Ba za ta kai tawa ba, amma ba laifi.

Mun zauna da Zenobia Tuggle, mai kaɗa piyanon majami'a. Ɗakinmu ɗaya da ita tun shekararmu ta fari a nan, kuma tun lokacin bakinta bai huta ba.

"Earline, wannan hular ai na san ta," in ji ta. "Ba ita kika sa a jana'izar tsohon shugaban jami'a ba?"

"Ita ce. Na ajiye ta ne don taki, na ga kin ƙi tafiya."

Lemuel ya yi dariya har da buga tebur. Sai ya tashi ya ce bari ya leƙa kicin ya gaida Mista Purcell. Zenobia ta ajiye ƙashin da take gaguya. Mista Purcell shi ne babban kukunmu, shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne shi, Lemuel ma yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin.

Na ce, "Zauna, Farfesa, yau bai zo aiki ba." Ya zauna.

Zenobia ba ta ce komai ba. A shekara hamsin da huɗu ban taɓa ganin haka ba, kuma ban ji daɗinsa ba.

Alhamis, 6 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Ya tsaya a suna na goma sha huɗu. Ya ce ƙishirwa ce.

Juma'a, 7 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Har yanzu yana koyar da aji ɗaya, tarihin jami'a ga sababbin ɗalibai. Yanzu nakan bi shi in zauna a baya. Na ce masa sanyin ɗakin nake so, shi kuma ya yi kamar ya yarda.

Da ka yake kiran rajista, kamar yadda ya saba tun yana saurayi, kowane yaro da Malam ko Malama a gaban sunansa. Yana cewa kakanninsu sun mutu da furfura ana ce musu "kai yaro", a ajinsa ba za a ƙara ba.

Wata yarinya 'yar Detroit ta ɗaga hannu. "Farfesa, don Allah me ya sa ba za a rubuta sunayen nan kawai ba? Ko a waya ma."

Ya cire tabarau. Na san wannan cirewar, yaran ne ba su sani ba.

"An taɓa rubuta su, Malama Tarver. A littafin gonar da aka haife su, shafi ɗaya da alfadarai da garmuna. Ranar da suka zauna a rumbun nan, malaminsu ya ɗauko alƙalami zai yi rajista, sai wata tsohuwa a cikinsu ta dafe masa hannu, ta ce, 'Ka riƙe mu a kanka.' Rabinsu ma a safiyar suka zaɓi sunan da za su amsa. Tun daga nan, daga baki sai baki. Ni ne na shida."

"To idan aka manta fa?"

"Ba a mantawa," ya ce.

Ya juya ga allo da alli a hannu. Ya daɗe a juye. Na ƙirga a raina har arba'in, sannan ƙararrawa ta cece mu. Ina son mutumin nan, kuma da ya ce ba a mantawa sai da na ji kamar in jefe shi da jakata.

Lahadi, 9 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Rana mai kyau. Fasto ya ce an gina majami'a a 1891, Lemuel ya ce "Casa'in da uku" daga kujerarsa, yadda kowa ya ji. Bayan sujada muka bi ta jikin tsohon ɗakin karatu, wanda ɗalibai suka gina da bulon da suka toya da hannunsu. Ya nuna mini sawun yatsu a jikin bulo, kamar ban taɓa gani ba. A nan ya fara riƙe hannuna, ina shekara ta uku, sanye da rigar aikin kicin mai warin albasa. Ya tuna rigar. Ya ce shuɗiya ce. Shuɗiyar ce kuwa.

Ashirin da uku cif, sau biyu.

Talata, 11 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Shugabar jami'a ta zo har gida. Dokta Marguerite Whitlow a wurin kowa, a wurina Margie, yarinyar da ta zo daga ƙauye a 1982 da akwati ɗaure da igiya, take ɓoye burodin masara a aljihu don dare. Lemuel yana barcin rana. Muka zauna a baranda na zuba mata shayi mai ƙanƙara.

Ta yi ta kewaye-kewaye. Sabon ginin koyon aikin jinya, da 'yan ƙwallo, da rufin majami'a. Daga ƙarshe ta ce, "Mama Earline, ina tunanin ko bana Dokta Mabry ya tsaya kusa da Farfesa. Don girmamawa kawai."

Mabry shi ne matashin malamin tarihi. Yaron kirki ne. Amma Mai Kira shi kaɗai yake tsayawa, kuma sai ya ga dama yake zaunar da magajinsa ya ba shi sunayen a jere, da labarin kowa. Lemuel bai ba kowa ba tukuna. Jama'a sun san wasu, kowa da 'yan waɗanda ya riƙe, amma babu mai su duka a jere.

Na ce, "Wa ya ce miki yana buƙatar mai tsaya masa?"

"Ba wanda ya ce."

"Zenobia ce."

"Mama, ba wanda ya ce. Ɗalibai ma suna da ido."

Na ce mata lafiyarsa ƙalau, ta sha shayinta. Ta sha. Da za ta tafi ta rungume ni fiye da yadda ya kamata, ni kuma na ce mata ta yi ƙiba. Ba ta yi ba. Allah ya yafe mini.

Laraba, 12 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Sha ɗaya.

Alhamis, 13 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Ashirin da uku. Ya ce, "Kin ji ko?" Na ce na ji.

Asabar, 15 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Bari in rubuta tun da zafinsa.

Na shiga wanka ƙarfe uku, na fito babu shi. Babu shi a baranda, babu a lambu, ƙofar gaba a buɗe. Rigar digirinsa ma babu a inda nake rataye ta. Na fita da silifas, kai ba ɗankwali, ina ƙwala masa kira a titi kamar wadda karenta ya ɓace. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba.

Sai na ji ganguna suna gangarowa daga Tudu. Asabar ɗin da babu wasan ƙwallo, 'yan badujalar jami'a ba sa barin filinsu. Ga su nan kuwa, sun fi su sittin, da ƙaho da ganga, suna takun nan nasu na ɗaga gwiwa, a tsakiyarsu Lemuel cikin rigar digiri da hula mai tuntu, yana ɗaga wa mutane hannu. Maƙwabta sun fito suna tafi.

Shugabar tasu, wata doguwar yarinya mai sanda, ta tsayar da su a ƙofarmu ta matso kusa da kunnena. "Mama, a filinmu muka same shi. Ya ce an fara bikin yaye ɗalibai ba a jira shi ba. Sai muka ce ai mu aka aiko mu ɗauko shi."

Na kama fuskarta da hannu biyu.

Lemuel ya ce, "Earline, dubi irin girman da aka yi mini. Ke kuma kin fito haka kamar gobara ta kore ki."

Na raba musu kek ɗin dankalin da na yi don gobe. Bai ishe su ba, sun yi ta gutsura suna miƙa wa juna.

Lahadi, 16 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Ba mu je sujada ba. Na ce kaina ke ciwo.

Litinin, 17 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

'Yarmu Corinthia ta bugo daga Chicago. Wani ya ɗauki hoton badujalar ya watsa, ta gani. Ta faɗi kalmar da likita ta faɗa a kan mantuwarsa, har sau uku, kamar ni kurma ce.

"Mama, ba za ki bar shi ya hau can ya tsaya a gaban mutum dubu ba. Idan ya kakare fa? Haka za su tuna shi."

"Ba ki san ubanki ba."

"Na san shi. Ke ce ba kya son ki san shi yanzu."

Na kashe wayar. Daga baya na sake kira na tambaye ta ko ta karɓi barkonon da na aika mata. Ta ce ta karɓa.

Tara da safe. Sha huɗu da rana. Kullum wajen na sha huɗun nan ne, matar da ta tako da ƙafa daga Carolina da jariri a hannu. Yana kiranta, sai ya tsaya kamar yana jiran ta huta.

Laraba, 19 ga Oktoba, ƙarfe uku na yamma

Na yi abin da ba a yi.

Yana barci na ɗauko ɗaya daga cikin katunan da nake rubuta girke-girke. Ban yi niyyar in san sunayen ba, amma wadda ta shekara talatin da biyu tana yanka albasa ana zagaya ta da su, ai ko tukunya ce ta haddace. Na rubuta su duka, ƙanana-ƙanana, yadda katin zai shige tafin hannu. Da na kai tsohuwar da ta dafe hannun malami, sai da na ajiye biro na tashi na wanke kwanon da yake a wanke.

Na sa katin a aljihun ciki na baƙar kwat ɗinsa. Na ce a raina ba sai ya duba ba. Ya dai san yana nan.

A wannan littafin ba zan rubuta su ba. Sau ɗaya ya isa.

Alhamis, 20 ga Oktoba, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ban yi zaton zai gwada kwat ɗin yau ba.

Ina soya ƙwai ya shigo kicin da katin a hannu, fuskarsa kamar ban taɓa saninta ba.

"Wa ya rubuta mutanena?"

Na rage wuta.

"Na ce wa ya rubuta su? A gidana? Zan kai maganar nan gaban majalisar jami'a, wallahi sai an..." Ya kai katin kusa da ido. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ja kujera ya zauna.

"Rubutunki ne."

"Nawa ne."

"Earline," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "har ya kai haka?"

Wata uku ina gaya wa kowa lafiyarsa ƙalau. Na gaya wa Margie, na gaya wa Corinthia, na gaya wa Fasto. Shi na kasa.

Na ce, "Ya kai, Lem."

Ya gyaɗa kai, kamar ɗalibi ya ba shi amsar da yake jira. Ya tambaye ni nawa yake kaiwa. Na ce wata rana duka, wata rana tara. Ya ce, "Tara," yana jujjuya kalmar a baki.

Shi da kansa ya kai katin bakin wuta, ya riƙe har ya kusa ƙona yatsa, ya saki a cikin kwatami. Ƙwai kuwa sun ƙone ƙurmus.

"Gara in tsaya a gabansu in yi shiru da in karanta su daga takarda," ya ce. "Bayan Ranar Kafuwa ki kira mini Mabry. Amma ki bar ni in kira su sau ɗaya kuma. Ki yi mini alkawari yanzu, tun ina nan."

Na yi masa. Sannan na juya baya na yi kuka a kan ƙwai, shi kuma ya ce idan da gishiri nake nufi, ya isa haka.

Juma'a, 21 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Bai tuna jiya ba. Ni na tuna.

Litinin, 24 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Zenobia ta zo da dabara. Ta ce idan ya kakare, sai ta danna piyano da ƙarfi, mawaƙa su ɗauki waƙar jami'a, kowa ya zaci haka aka tsara.

Na ce, "Ke da kike shiga waƙa kafin lokaci tun zamanin da muke da haƙora, wa zai ga bambanci?"

"Rufe mini baki, tsohuwa. Taimakonki nake."

"Ba a kaɗa komai lokacin Kira, kin sani."

"Ba a rubutawa ma, amma na ji ƙauri a kicin ɗin wata."

Na zaro ido. Ta ce Lemuel ne ya gaya mata da bakinsa ranar Alhamis da yamma, ta waya, ya ce ta kula da ni. Shi da aka ce a kula da shi.

Na ce mata kada ta taɓa piyanon nan sai na ɗaga mata hannu. Ta ce to. Ta ci rabin kek ɗina ta ce ya bushe.

Talata, 25 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Sha huɗu. Sha huɗu. Sha huɗu.

Alhamis, 27 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Tudu ya cika. Makon Dawowa Gida ke nan, motoci har kan ciyawa, hayaƙin gasasshen nama ko'ina, tsofaffin ɗalibai da tumbi da furfura suna neman su yi rawar da gwiwarsu ta daina yi tuntuni. Ajin su Margie sun cika shekara talatin da gamawa, sun zo da yawa, duk da riga iri ɗaya. Sun yi ta zuwa baranda gaida Farfesa. Yana ce wa kowa "Malam" da "Malama" ba tare da suna ba, suna tafiya da murna.

Margie ta ja ni gefe. "Mama, gobe ne. Ni ce zan amsa idan abu ya lalace. Ki gaya mini gaskiya, zai iya?"

Na ce, "Ban sani ba, Margie. Amma na yi masa alkawari."

Ta dube shi yana can yana dariya da wani mai sanƙo. Ta ce, "Shi ya hana ni komawa gida a wata na biyu. Ya zauna a kan akwatina ya ƙi tashi." Ta share ido da bayan hannu. "To, ya hau dandamalin gobe."

Corinthia ta iso. Ta goge masa kwat.

Juma'a, 28 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Ya Ubangiji, ko sha huɗun ma.

Juma'a, 28 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Majami'a ba masaka tsinke, har bene, har bakin taga. Masu tsaron ƙofa suka bi layi-layi kowa ya kashe waya ya sa a aljihu. Ni da Corinthia muna layi na biyu. Zenobia tana kan piyano, idonta a kaina.

Ya hau shi kaɗai, a miƙe kamar sanda. Ya kira na farko, muryar nan tasa ta cika ɗakin. "Yana nan," in ji mutum dubu. Na biyu. Na uku. Ina bin sa a raina, Corinthia tana matse mini yatsu. Goma. Sha ɗaya. Ya kira matar Carolina.

"Tana nan."

Shiru.

Na ji kukan wani jariri a bene, na ji an lallashe shi. Lemuel yana tsaye, yana duban jama'a layi-layi, leɓensa na motsi. Zenobia ta ɗaga hannuwa a kan piyano tana jirana. Hannuna yana kan cinyata, ya yi nauyi kamar dutse. Na yi alkawari ya kira su, ban yi alkawarin in bar shi a tsaye haka ba. Na fara ɗagawa.

Sai ya gyara tabarau ya ce, "Malam Ashby. Clarence Ashby."

Babu wannan sunan a cikin ashirin da uku. Mutane suka fara duban juna.

A layi na biyar wani mai sanƙo ya miƙe a hankali, shi ne wanda suke dariya da shi jiya. Ya ce, "Ina nan, Farfesa."

"Malama Bledsoe."

Daga bene wata ta ce, "Ina nan, Farfesa."

Rajistar ajin su Margie ce, ta shekararsu ta fari. Ya ga fuskokinsu a zaune, sai ya koma aji. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, suna miƙewa, alƙalai da malaman jinya da fastoci, kakannin wasu. Da ya kira Malam Crutchfield ba wanda ya tashi, don ya rasu tun yana soja. Sai wata mata ta ce, "Yana nan," jama'a suka ɗauka gaba ɗaya. Haka aka yi wa mutum huɗu. Na ƙarshe ya ce, "Malama Whitlow." Margie ta miƙe a kan dandamali, cikin rigar shugaba da sarƙar zinariya a wuya, ta ce, "Ina nan, Farfesa," kamar yarinyar nan mai burodi a aljihu.

Ya tsaya. Ya san akwai saura, na gani a fuskarsa. Ya dudduba har ya same ni, ya ce a cikin lasifika, yadda yake tambayata inda ya ajiye makulli, "Earline, wa ya rage?"

Ni ban gama digiri ba. A shekara ta uku na bari na kama aikin kicin don shi ya ƙarasa nasa. Ban taɓa taka dandamalin nan ba, kuma yau ma ban taka ba. Daga inda nake na miƙe, da muryar da nake ce wa yara a kawo tire, na kira na goma sha biyar.

Sannan Lemuel, shi kaɗai, daga sama, ya ce, "Yana nan."

Jama'a suka bi shi. Na kira sauran takwas ɗin a jere, har tsohuwar da ta dafe hannun malami, ita ce ta ƙarshe. Amsar da aka ba ta sai da gilasan taga suka yi ƙara.

Zenobia ta shiga waƙa kafin lokaci. Ba wanda ya lura, kowa yana neman hankici.

Asabar, 29 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Mabry zai zo Litinin ƙarfe goma. A kicin za mu zauna, mu uku. Abin da Lemuel ya iya ya ba shi da bakinsa, saura ni.

Ya tashi da wuri yau. Na same shi a baranda da kwat ɗin jiya a kan rigar barci, yana sauraron ganguna daga Tudu. Na kawo masa kofi na zauna kusa da shi.

Ya ce, "An yi Ranar Kafuwa ko?"

"An yi, jiya."

Ya dubi kofin. Sannan ya juyo, da tsoro a idonsa irin na yaro.

"Ban bar kowa ba dai?"

"Ba a bar kowa ba, Lem. Kowa ya amsa."

Ya sauke ajiyar zuciya mai tsawo, ya jingina da kujera. "To madalla," ya ce. "Ai tafiya ce mai nisa suka yi."

Ya sha kofinsa har ƙasa, hannuna a cikin nasa.